Zuwa Maroko: da ɗan jagora ko ni kaɗai?

Malam, ka ce daga nan Sakkwato kake son zuwa Maroko yawon buɗe ido, kana tambaya ko sai da ɗan jagora. A Fas kam wallahi ka ɗauka, lungunan tsohon garin mota ba ta shiga sai jaki, kana juyawa ka ɓace. Shi zai kai ka zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani da masallacin Ƙarawiyyin da aka kafa tun 859, sannan ka ce ya bi da kai majema ka ga kwaramen rini, akwai wari sosai har ganyen na'ana'a suke ba mutum ya riƙe a hanci, amma ɗan Sakkwato, garin da fatar jar akuyarsa ta yi suna, bai kamata ya wuce wurin ba.

Abinci kuma kar ka yarda da na otal kawai. Nemi tajin, nama da kayan lambu cikin kaskon ƙasa mai dogon murfi, kuskus kuma ran Juma'a suka fi yi. Duwatsun Atlas akwai sanyi, tafi da rigar sanyi mai kauri. Essawira bakin teku, kifi za ka zaɓa da hannunka a gasa ma. Ku gama ciniki da jagoran tun kafin ku fita, kuma ya nuna ma katin shaidarshi.