Tambaya da Amsa: Na raba VLAN, kwamfutocin ɗalibai sun daina samun adireshi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutocin wata makaranta, kwanan nan na raba netwok ɗinmu gida biyu a suwic ɗin Cisco, VLAN 10 na ofis inda sabar DHCP mai raba wa kwamfutoci adireshi take, VLAN 20 na ɗakin kwamfutar ɗalibai, to tun ranar na ofis lafiya lau amma na ɗalibai sai 169.254 suke nunawa ba intanet ba komai, har na fara bi ina sa musu adireshi da hannu kuma guda 40 ne. Don Allah ina na yi kuskure?
Wani mai karatu, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah dakata da sa adireshin nan da hannu, ranar da ka maimaita lamba ɗaya a kwamfuta biyu sai ka gwammace matsalar yau. Wannan 169.254 ɗin Windows ce ke ba kanta shi idan ta yi ta kira ba wanda ya amsa.

Ita kwamfuta idan aka kunna ta ba ta da adireshi, ba ta ma san inda saba take ba, sai ta yi shela ga kowa da kowa zuwa 255.255.255.255 a tashar UDP ta 67 tana neman mai ba ta. Shelar nan ba ta haura katangar VLAN, ai dama don haka ake rabawa. Kenan ɗan aike kake buƙata, wanda zai ji shelar ya kai wa saba hannu da hannu, kuma suwic ɗinka zai iya aikin in dai mai hawa na uku ne, wato Layer 3 mai iya kai saƙo daga wannan VLAN zuwa wancan, kuma ka kunna ip routing. Mu ɗauka sabar tana 192.168.10.5, ga abin da za ka rubuta a suwic ɗin:

interface vlan 20
ip address 192.168.20.1 255.255.255.0
ip helper-address 192.168.10.5

Lura da kyau, a VLAN 20 ake sa shi, ɓangaren masu nema. Da yawa a ɓangaren saba suke sakawa su kwana suna sake kebul, alhali ɗan aiken na zaune inda shelar ba ta zuwa. In suwic ɗin mai hawa na biyu ne kawai, to a rauta za ka sa, a ƙofar da ke fuskantar VLAN 20.

Sai ita sabar. Kafin suwic ya miƙa saƙon sai ya rubuta 192.168.20.1 a wani gurbi da ake kira giaddr, da shi saba ke gane daga wace unguwa aka zo kuma daga wane rukuni za ta ciro adireshi, saboda haka in ba ka buɗe mata rukunin 192.168.20.0 ba saƙon zai iso ta yi shiru abinta. Ka buɗe shi, ka sa 192.168.20.1 a matsayin mafita, wato default gateway, ƙofar da kwamfutocin ke bi su fita daga VLAN ɗinsu, ka sa DNS mai fassara sunan shafi zuwa adireshi, ka cire .1 ɗin daga waɗanda za a raba. Ka kuma duba mafitar ita kanta sabar, ta zama adireshin suwic ko rauta na VLAN 10, in ba haka ba amsa na iya rasa hanyar dawowa.

In duk ka yi wannan shiru, duba ko akwai DHCP snooping, wato tsaron da ke tare masu rabon adireshin bogi, a ƙananan suwic ɗin ɗakin ɗalibai. Shi yana liƙa wa saƙo wani ƙarin bayani da ake kira Option 82 alhali giaddr na nan sifili, babban suwic kuma in ya ga haka watsar da saƙon yake. Ka rubuta no ip dhcp snooping information option a ƙananan, ka sa ip dhcp snooping trust a ramin kebul ɗin da ya hau zuwa babban. Ni dai ban goyi bayan kashe snooping gaba ɗaya ba, ranar da wani ɗalibi ya jona ƙaramar rautar gidansu a bango ta fara rabon adireshin bogi shi ne zai cece ka.

Daga nan ka mayar da waɗanda ka sa wa da hannu su koma karɓa da kansu, ka zauna gaban ɗaya ka buga ipconfig /release sannan ipconfig /renew. In ka ga 192.168.20 ta fito, sai ka bi sauran 39 ɗin.