Yarona ya sace cek ya zuba a asusunsa, wa zan kama?

Tambaya: Malam, wani kwastoma ya rubuta min cek da sunana, yaron da ke min aiki ya ɗauke, ya kwaikwayi sa hannuna a bayansa ya zuba a asusunsa na wani banki daban, kuɗi na shiga ya kwashe ya gudu. Bankin da ya zuba cek ɗin sun ce babu ruwansu. Shikenan na yi asara?

Amsa: Allah ya mayar da alheri ɗan'uwa, amma kar ka yarda da wannan "babu ruwanmu" ɗin da wuri. A ƙasashen da suka gaji dokar Ingila, bankin da ya karɓi cek ya karɓo kuɗinsa wa wanda ba shi ne mai haƙƙi ba, daidai yake da wanda ya taɓa dukiyar wani ba izini, ko da bai san na sata ba ne. Babbar mafitarsa ita ce ya nuna ya yi aikin da zuciya ɗaya kuma bai yi sakaci ba, haka sashe na 4 na dokar cek ta Ingila ta 1957 ya ce, haka sashe na 131 na dokar Indiya ta 1881. Kuma lura, bankin ne zai kawo hujjar cewa bai yi sakaci ba, wannan nauyin ba a kanka yake ba.

To mene ne sakacin? Dubi gaban cek ɗin. In akwai layi biyu da rubutun cewa a asusun mai sunan kawai za a zuba, amma suka zuba wa wani ko tambaya babu, to sun shiga uku. Sannan yaya suka buɗe masa asusun tun farko? A shari'ar kamfanin Savory da bankin Lloyds ta 1933 a Ingila, wasu akawu ne suka riƙa satar cek ɗin iyayen gidansu suna zubawa, ɗaya a asusunsa ɗaya a na matarsa, kotu ta ɗora wa bankin laifi saboda bai tambayi wa suke wa aiki ba. Ni dai a ganina yaro mai ɗan albashi ya kawo cek mai nauyi da sunan wani, ko makaho ya kamata ya tsaya ya yi tambaya.

Abin da zai iya kashe maka magana shi ne shiru. A shari'ar Greenwood ta Ingila, wani mai wannan suna ya gano matarsa na kwaikwayon sa hannunsa a cek, ya rufa mata asiri wata da watanni, sai bayan ta rasu ya kai ƙara, kotu ta ce ya makara. Don haka yau ɗin nan ka rubuta wa bankin takarda, ka roƙi kwastoman ya karɓo maka hoton cek ɗin gaba da baya daga bankinsa, ka kai rahoto wajen 'yan sanda, sannan ka ga lauya don ya duba dokar ƙasarku.

Tambaya: Wani zai sayi motata da cek, in ba shi makulli da zarar na zuba?

Amsa: A'a Hajiya. Ganin kuɗi a asusu ba ya nufin cek ya wuce, in daga baya aka gano jabu ne bankinki zai janye abinsa. Ki jira su tabbatar miki an biya tukuna, makulli da takardu su kwana a hannunki.