Amsa: Kuɗin da aka cire a kati bayan neman bizar karatu ta Birtaniya

Hajiya, kin ce bayan ɗanki ya cike takardar bizar karatu ta Birtaniya da katinki, kin ga an cire kuɗi sau biyu, kuma na biyun ya fi yawa. Kwantar da hankalinki tukuna, da alama ba zamba ba ce.

Ƙaramin kuɗin biza ne. Babban kuwa kuɗin kula da lafiya ne da ake kira IHS, wanda zai ba shi damar zuwa asibitocin gwamnati a can. Tun Fabrairun 2024 fam 776 ne a shekara ga ɗalibi, kuma gaba ɗaya ake biya. Abin da ke rikita mutane shi ne, da tsawon biza ake lissafi, ba na karatu ba. Bizar digiri na biyu na shekara ɗaya takan zo da ƙarin watanni, sai a lissafa shekara ɗaya da rabi, kuɗin ya kai fam 1,164. Haka ya faru da ƙanena a nan Agege, har muka kwana cikin damuwa.

Ki sa yaron ya duba imel ɗinsa, akwai lambar shaida mai farawa da IHS. Idan adadin bai yi daidai ba, ki je banki gobe su toshe katin. In an hana biza, kuɗin lafiyar ana mayarwa.