Hakin da kake yi a bakin maƙera

Ɗana, jiya da muke bugun hauyoyin damina ka ajiye masaba, ka dafa gwiwa kana haki, ka ce: "Baba, ni da ban cika shekara ashirin ba numfashina ya ƙare, kai da furfura ko gezau. Ko huhuna ne ƙarami?" Ban tanka maka ba saboda ƙarfe ya yi ja, ba ya jiran hira. To ga amsarka.

Huhunka ƙalau yake, kuma aiki ba ya ƙara masa wani girman kirki. Dubi zuga-zuginmu. Fatar akuyar nan ba ta ƙara faɗi ba tun ranar da aka ɗinka ta, amma a hannunka wuta lumshewa take yi, a hannuna kuwa ruri. Abin da ke ƙarfafa a ƙirji shi ne naman da ke jan numfashi, na tsakanin haƙarƙari da wanda ke shimfiɗe ƙarƙashin huhu.

Babban aikin na zuciya ne, ita ma tsoka ce kamar ta damtsenka. Mutum yana zaune tana tura jini wajen lita 5 a minti guda, in ya kama aiki mai nauyi sai ta kai lita 20. Zuciyarka a yanzu kamar yaron da aka aika rijiya da ƙaramar guga ce, dole ya yi ta zarya kafin randa ta cika. In ka jure wata da watanni, gugar ce ke girma: zuciya ta riƙa ɗibar jini da yawa a bugu ɗaya, ruwan jinin ma ya ƙaru, sai ta rage gaggawa. Wata malamar asibiti ce ta warware mini wannan ranar da na je awon hawan jini. Ta ce bugun baligi mai hutawa tsakanin 60 da 100 yake a minti, na masu gudun dogon zango kuma yakan sauka zuwa 40 ko 50. Gwada da kanka. Da asuba, kafin ka miƙe daga tabarma, ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka, ka ƙirga na minti ɗaya da agogon wayarka. Rubuta adadin da gawayi a bangon maƙera, mu sake dubawa bayan wata uku.

Sai tsoka. Ƙarfin da za ka ji a makonnin farko ba nama ba ne ya ƙaru, ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne suka koyi aiki tare. Yanzu kana damƙe ƙotar masaba kamar za ta gudu, kafaɗa a ɗage, haƙora a cije, rabin ƙarfinka a banza yake tafiya. Ni nauyin masabar nake bari ya faɗa wa ƙarfe, nawa kawai ɗagawa da saiti. Kaurin damtse sai bayan mako shida zuwa takwas yake fara nunawa, kuma a lokacin ƙananan hanyoyin jini suna yaɗuwa cikin naman kamar saiwar gero, yana ƙara iya tsotse iskar da jini ya kawo. Tsamin jikin da ke tsananta a kwana na biyu kada ya tsorata ka. Ci wake, sha fura da nono, ka yi barci sosai, don a kwance jiki ke gyara abin da aiki ya taɓa.

Amma ƙira kaɗai ba ta isa ba, hannu da baya take ginawa, mu kuwa a zaune muke yini. Ka ga 'yan kokawa, tun gasar farko ta neman takobin ƙasa da aka yi nan Tawa a 1975 har yau, mai ƙarfi da yawa ya sha ƙasa don numfashinsa ya riga na abokin karawarsa ƙarewa. Shi ya sa suke gudu cikin rairayi da sassafe. Kai ma bar hawa kabu-kabu, taka da ƙafa da sauri, rabin awa, kwana biyar a mako. Minti 150 ke nan, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya gaza. In ka yi zaman mako biyu ko uku, hakin zai fara dawowa, ni ma haka nake ji duk bayan jinya.

Hayaƙin gawayi dai motsa jiki ba ya wanke shi daga huhu, balle sigarin da na ga kana ɓoyewa bayan rumfa. Zauna ta inda iska ke fitowa. Zafin Afrilu da Mayu ya wuce digiri 40, sha ruwa tun ƙishirwa ba ta kama ka ba. In kuwa ka ji ƙirji ya matse, ko jiri, ko ciwo yana gangarowa hannun hagu, ajiye komai mu tafi wurin likita.

Gobe ka zo da wuri, hauya goma sha biyu ta rage. Ƙaramar masaba za ka ɗauka, kuma ka saki numfashi duk lokacin da ta sauka.