Amsa ga Hajiyar da aka tsallake a naɗin kodinetan lafiya

Hajiya, sannu da haƙuri. Wannan ciwon da yawanmu a nan muna ɗauke da shi. Kin ce kina matakin albashi na 14 da lasisin CHO (jami'in lafiyar al'umma), ciyaman ɗin ƙaramar hukuma ya ɗauko yaronsa mai mataki na 09 ya ɗora shi kodinetan lafiya a kanki, shin yana da hurumin haka?

Ba shi da shi. Daga mataki na 07 zuwa sama, ɗauka da ƙarin girma da canjin wurin aiki duk na Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi ne, shi iyakarsa 06. Kuma tun 2011 da aka amince a haɗa lafiya matakin farko ƙarƙashin inuwa ɗaya, jihohin da suka aiwatar sun miƙa ma'aikatan ga hukumar lafiya matakin farko ta jiha. Fara duba takardar naɗin, wa ya sa mata hannu?

Za su ce miki ai Kotun Ƙoli ta ba ƙananan hukumomi 'yanci a Yulin 2024. Hukuncin kan kuɗin kasonsu ne, bai soke ƙa'idar aikin gwamnati ba.

Wallahi abin da ke ƙona min rai, irin waɗannan ciyamomin ba lafiyar kowa ce a gabansu ba. Alawus ɗin masu rigakafi da kuɗin man janareta suke hange, shi ya sa suke son wanda ba zai iya ɗaga musu ido ba. Sai mai ya yanke, firjin da ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8 ya ɗumame, allurai su lalace, a tura ma'aikata ƙauye da su haka nan. Ƙyanda ta ɓarke, ku za a kira ku yi bayani, shi yana gida. Allah ya isa.

Ki rubuta koke ta hannun daraktan ma'aikata, kwafi ga hukumar jiha da ƙungiyarku. Haɗa takardar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma ta ƙarshe, da lasisin da kika sabunta. A buga miki hatimin karɓa a kwafinki, in ba haka ba gobe fayil ya yi ƙafa.

Kada fushi ya sa ki daina zuwa aiki, takardar tuhuma suke jira su ba ki. In an ce ki miƙa ofis, ki ƙirga firji, babura da ragowar allurai a rubuce, ku sa hannu ku biyu a gaban shaida.