Amsar Kawu kan zuwa Filin Tafawa Ɓalewa

Auwalu ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce abokan aikinka na kasuwar Mile 12 suna shirin zuwa Filin Tafawa Ɓalewa da ke tsibirin Legas, wani kuma ya tsorata ka cewa a can ana sa mutum ya cire hula da takalmi. Kana tambaya ko gaskiya ne, ko kuma ya dace ɗan Musulmi ya je. Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka ɗaga ƙafa.

Wanda ya faɗa maka ya gauraya magana ne. A ranakun yau da kullum ba mai taɓa hularka. Ranar bikin Eyo ce ake wannan doka, shi kuwa ba kowace shekara ake yinsa ba. Biki ne na Yarbawan tsibirin Legas, suna yinsa don karrama wani babbansu da ya rasu, kuma a filin nan ake yin babban taron. Za ka ga dodanni cikin fararen kaya tun daga kai har ƙasa, fuska a rufe, da faffaɗar malafa, kowa riƙe da doguwar sanda da suke kira opambata. Ran nan ba a sa takalmi, ba a sa hula ko ɗankwali, ba a shan taba, ba a ratsawa da babur ko keke. Wanda ya karya, sandar nan ce za ta sauka a bayansa.

Ni dai ba na zuwa ran nan, kai ma ban so ka je ba, don tushen abin bautar gargajiya ce, ba tamu ba. Amma ka ji ni da kyau: ƙin zuwa daban, raini daban. Kada in ji ka tsaya a titi kana gardama da masu gari a kan hula, ko kana zagin al'adarsu a cikin mota. In hanya ta bi da kai ta can bisa kuskure, ka juya salin-alin. Baƙo raɓa ne. Da wannan halin iyayenmu suka zauna a Agege da Obalende da Idi-Araba, suka yi fatauci, suka aurar da 'ya'ya, ba wanda ya ɗaga musu yatsa.

Sauran ranaku kuwa, je ka, har ma ina ganin wajibinka ne. A da, filin sukuwar dawaki ne na Turawa, shi ya sa tsofaffi har yanzu Reskwas suke ce masa. A nan aka sauke tutar Ingila da tsakar dare aka ɗaga kore-fari-kore, wayewar garin 1 ga Oktoba 1960, Gimbiya Alexandra ta miƙa takardun mulki a madadin Sarauniya. Wanda ya karɓa ya yi jawabi malamin makaranta ne daga Bauchi, Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, firaministan Najeriya na farko, wanda hotonsa ke jikin naira biyar. A nan Legas ya yi aiki, daga gidansa na garin nan sojoji suka ɗauke shi a juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, aka mai da gawarsa Bauchi. A 1972, zamanin Janar Gowon, aka gina wurin yadda yake yanzu. Gwamnati ta koma Abuja a 1991, sunan mutumin nan bai bi ta ba, yana nan a tsakiyar Ikko. Abin yana sosa mini rai in na ga yaranmu suna sauka a tashar motar wurin kullum ba su san wane ne mai sunan ba.

In ka isa, tsaya a bakin ƙofa. Ƙofar ta yi suna da fararen dawakai huɗu da aka kafa a samanta sun ɗaga ƙafafun gaba, da jajayen mikiya bakwai, irin waɗanda ke jikin tambarin ƙasa. Akwai kuma wurin tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu da yaƙin basasa. 'Yan Arewa da yawa na cikinsu. Kada ka jingina da shi kana ɗaukar hoto kana dariya. Rage murya, ka yi wa Musulmin cikinsu addu'a, ka yi wa Abubakar ma.

Daga nan ka taka zuwa gidan tarihi na Onikan, ba nisa. Motar da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana ajiye, da ramukan harsashi a jikinta.

Ka shiga bas ɗin BRT daga Mile 12, ka fita da sassafe saboda cunkoso. Waya a aljihun gaba, ka gai da masu gadi kafin ka nemi shiga ko ɗaukar hoto. In azahar ta riske ku, babban masallacin Legas na kan titin Nnamdi Azikiwe. Ka gai da mahaifiyarka in kun yi waya.

Kawunka, daga Agege.