Shin ɗan zakaran sukuwa dole ne ya gaji ubansa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko haɗa goɗiya da ingarman da ya yi suna ya isa a samu dukushi mai gudu. Gaskiya bai isa ba.

Dubi Secretariat, shahararren dokin sukuwa na Amurka, wanda ya lashe manyan gasanni uku a 1973. 'Ya'yansa maza ba wanda ya kamo ƙafarsa, sai ta wajen 'ya'yansa mata jininsa ya yi albarka: su suka haifi shahararrun ingarmu Storm Cat da A.P. Indy. Shi ya sa nake fara duba tsatson goɗiya. Tsada ma ba hujja ba ce. An sayi wani doki mai suna The Green Monkey dala miliyan 16 a 2006, bai taɓa cin sukuwa ba.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne bin gudu a manta da ƙarfin ƙashi. Wata goɗiya mai suna Eight Belles ta zo ta biyu a Kentucky Derby, babbar gasar sukuwa ta Amurka, a 2008, nan take ƙafafunta na gaba suka karye, dole aka kashe ta.

Kafin barbara, likitan dabbobi ya duba ƙafafu, numfashi da mahaifar goɗiyar, ka kuma binciki raunukan da dangin ingarman suka sha.